Ranar da Sajan Ya Daina Faɗa

Yayana mafaɗaci ne. Ba ɓata shi nake yi ba, shi ma ya sani. In ka gaishe shi ya ce ka makara, in ka miƙa masa ruwa ya ce kofin bai wanku ba. Ni yanzu na haura hamsin, gemuna ya yi fari, injinan ban-ruwa na mutane da yawa ta hannuna suke bi, amma har yau Auta yake kirana, kuma a ganinsa ban iya riƙe ko sifanar kwance noti ba. Ban taɓa sa abin a raina ba. Ba da baki nake auna mutum ba. Da mahaifinmu ya rasu, wannan mai faɗan ne ya ajiye makaranta ya shiga injin niƙa don mu ci. Shi ya ja ni wurin koyon gyara, ya tsaya a ƙofar shago yana yi wa mai shagon masifa har mutumin ya gaji ya karɓe ni.

Injin niƙan ne ya cinye masa ƙirji. Shekara da shekaru yana shaƙar garin mutane. Tun tarin na zuwa da safe kawai har ya zama abokin yini. Da abin ya gagara ya sayar da injin, ya haƙa tafki a bayan gidansa da ke gefen gari, ya fara kiwon tarwaɗa.

Tarwaɗa kifi ce mai taurin rai. Ko a taɓo ka jefa ta ba ta mutuwa da wuri, domin takan taso ta ɗebi iskar sama ta koma ƙasa. Mai kiwonta ya saba ganin baki a saman ruwa, ba ya tsorata. In ma ya ga sun taru a sama suna wangale baki, ya san cikinsu ne ke magana, sai ya watsa abinci. Yaya ya daɗe a kan wannan, har ya zama hannunsa na kai wa kwanon abinci kafin kansa ya yi tunani.

Amma tarwaɗa akwai ɗawainiya: canjin ruwa, jan raga, ware manya daga ƙanana don kada su cinye juna. Bayan rasuwar matarsa ƙirjin ya ƙi wannan aiki ƙememe. Sai ya kwashe su duka ya koma karfasa. Karfasa ita ke haihuwa da kanta, shi nasa ya bi da 'yar koma ya kwashi 'ya'yan ya sayar wa masu tafkuna. Aiki ne da mai gajeren numfashi zai iya. Kowace shekara yakan ware iyayen da suka fi kyau ya bar wa kansa, har ya tara wasu irin da mutane ke zuwa nema daga nesa.

Ni kifi ba ya burge ni. Amma in na je duba masa inji yakan tsare ni a bakin ruwa dole sai na kalla. Mazan karfasa kowa na da gidansa. Sukan share ƙasan tafki a wurin da ba zurfi su yi rami kamar faranti, kowa ya tsaya a kan nasa, jikinsa ya ɗauki launi, wuya ya yi ja. Wanda ya ratso, a haɗa baki da baki a yi ta turereniya. Matan kuma, in an yi ƙwai, uwa ce ke kwashe su a bakinta ta rufe. Ba ci, ba komai, har sai sun ƙyanƙyashe. Akwai wani ƙaton namiji mai yagaggiyar wutsiya da ya kama wurin matakala, ba ya barin ko inuwa ta gifta. Yaya ya sa masa Sajan.

"Dubi wannan ɗan banzan," in ji shi. "Tun safe yake korar jama'a. Me ya tara a ramin nan in ban da yashi?"

"Halinku ɗaya," na ce.

"Auta, in ba ka da abin faɗi ka ƙara ɗaure ƙusar can, tana rawa."

Kullum cikin ƙorafin faɗan yake. Suna yaga wa juna fiffike, suna wahalar da matan, suna ɓata masa ruwa. Ya sha cewa da zai sami hanyar da za su zauna lafiya da ya huta.

'Ya ɗaya Allah ya bar masa, ma'aikaciyar jinya ce a wani babban asibiti a cikin birni. Ta gaji bakinsa, amma ta fi shi gaskiya. Tun rasuwar uwarta take so ta ɗauke shi. Ta gyara masa ɗaki a gidanta na bene, gado, fanka, komai. Ta kawo masa wani ɗan inji mai akwati kamar rediyo, yana hura iska ta siririn tiyo zuwa wani marfi da ake kifawa a hanci da baki, a zuba magani a ciki ya shaƙa in ƙirjin ya rufe. Ta haɗa masa da ƙaramin janareta don kada wuta ta yaudare shi.

Ina wurin ranar da suka yi ta ta ƙare.

"Baba, in abin ya taso maka kai kaɗai a nan, wa zai ji ka? Kifi?"

"Sun fi ki jin magana."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma. Ki kai ni saman bene in yi me? In riƙa ƙirga motoci? A kawo mini abinci a tire kamar mara lafiya?"

"Ai mara lafiyan ne kai."

Ya yi tari mai tsawo. Ta jira ya gama, ba ta taɓa shi ba, don ta san zai ture hannun.

"To ji nan," ta ce. "Baffa shaida ne. Muddin tafkin nan na tsaye, kana ci daga gare shi, kana iya aikinsa, na yi shiru. Ranar da ya faɗi, ko kai ka faɗi, ka shiga mota ba gardama."

"Sai ki jira," ya ce. "Ki nemi kujera."

Tun daga ranar tafkin nan ya wuce sana'a. Shi ne abin da ke tsakanin Yaya da ɗakin bene. Mu uku duk mun san haka.

Tafkin a sarari yake, iska na kaɗa shi daga gabas yini guda. Sai maƙwabcinsa, mai kiwon kaji, ya gina dogon ɗakin kaji a daidai wannan gefen, bango ya tashi ya tare iskar. Yaya ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Mai kaji mutum ne mai sanyin hali, ba ya son tashin hankali, sai ya nemi hanyar sulhu. Masu karfasa kan zuba ɗan kashin kaji a ruwa don ya yi kore, kifin na cin koren. Sai mai kajin ya fara turo wa Yaya baro cike da shi, kyauta. Yaya da ke auna taki da ƙaramin kwano ya ga banza ta samu. Kuma ya ce bangon ya ci masa iska, to shi ma sai ya ci kashin kajin har ya fanshe. Ruwa ya yi kore shar, ya yi kauri kamar fenti. In ka tsoma hannu zuwa wuyan hannu ba ka ganin yatsunka. Kifi suka yi ƙiba. Yaya ya ce da ma ya sani.

Sai damina ta zo da wani irin hadari mara amfani. Sama ta rufe, ba rana, ba ruwa, ba iska. Zafi kamar an kife garin da tukunya. Kwana da kwanaki a haka.

Injin jan ruwansa na wurina ina canja masa fankar ciki. Ranar da na gama na ɗaure shi a bayan babur na kai masa da safe. Tun daga bakin gida na ji warin, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Na zagaya baya. Koren ya tafi, ruwan ya koma kalar shayin da aka manta. Kuma saman tafkin gaba ɗaya bakuna ne. Daga wannan gefe zuwa wancan, baki a jikin baki, suna buɗewa suna rufewa, suna wata 'yar ƙara kamar ana tsotsar ɓargo. Yaya na tsaye a matakala da kwano yana watsa abinci, fuskarsa a sake.

"Ka ga ikon Allah, Auta? Sun shirya. Kwana biyun nan ko faɗa ɗaya ban raba ba. Dubi Sajan, dubi wanda ke kusa da shi. Wancan ne ya yaga masa wutsiya. Ga su kafaɗa da kafaɗa."

Na duba. Sajan ya bar raminsa. Jan wuyansa ya goge, jikinsa ya yi fari-fari kamar tsohon kwano. Yana cikin ƙananan da jiya ba su isa su kusance shi ba, leɓensa na ƙasa a shafe da saman ruwa, murfin kunnuwansa na bugawa da sauri. Wani zalɓe na tsaye a gefe yana zaɓar wanda yake so, ba wanda ya gudu.

"Yunwa ce kawai ta yi musu yawa," in ji Yaya. "Tun jiya nake ninka musu."

"Yaya, ajiye kwanon nan."

"Kai za ka koya mini..."

"Dubi abincin. Wa ya ci?"

Ya duba. Abincin na jiya da na yau duk yana yawo a sama, ya jiƙe, ya kumbura, ba wanda ya taɓa.

Na taɓa ganin irin wannan a wani wurin kiwo da aka kira ni gyaran inji. Ruwa ma yana da iskar da kifi ke shaƙa. Koren nan in akwai rana shi ke ba da ita, in babu rana shi ke shanye ta. In kuma ya mutu ya fara ruɓa, sai ya ƙarasa sauran. Abincin da ba a ci ba shi ma ruɓa yake, ya ƙara ci. Ɗan abin da ya rage yana can sama-sama inda ruwa ya taɓa sarari, shi suke lasa.

"Ba shiri suka yi ba," na ce. "Numfashin faɗan ne babu. Waɗannan ba tarwaɗa ba ne, Yaya. Ba su iya ɗibar iskar sama. Shaƙewa suke."

Yaya ya sake duban bakunan. In akwai wanda ba ya bukatar a yi masa bayanin shaƙewa a duniya, shi ne. Kwanon ya zame daga hannunsa.

A nan kusa da ƙafarsa wata uwa ta taso, maƙogwaronta a cike. Ta yi ta fama, bakin a rufe, kunnuwa na bugawa. Can ta buɗe. Ƙwai rawaya kamar tsaba suka zubo suka nutse a hankali. Ba ta ko juya ta bi su ba. Ta ɗaga baki sama ta shiga sahu. Sai wata ma ta yi haka, sai wata.

"Suna zubarwa," ya ce. "Auta, suna zubar da 'ya'yan."

Na sauke inji. Rijiyar gidan ba ta da ruwan da zai canja tafki, guga kaɗan take ba ka ta tsaya. Abin da ya rage shi ne a ja ruwan tafkin a watsa shi sama ya faɗo, ya ɗauko iska. Na jefa tiyon ja, na ɗaure na fitarwa a jikin turke yana kallon sama, na ja igiya. Ya tashi. Ruwa ya yi tsiri ya zubo, kifin suka yo wurin kamar an kira su, suna hawa kan juna. Ba a jima ba injin ya canja murya, ruwan ya tsinke. Mataccen kore da abincin da ya jiƙe sun toshe shi. Na kashe, na kwance, na kwashe da yatsa, na ɗaure, na tayar. Ya yi aiki kaɗan ya sake toshewa. Na naɗa tsohuwar raga a bakin tiyon, ita ma ta like. Haka na yi ta yi, kwance, ɗaura, kwance, ɗaura, har fatar yatsuna ta saɓule.

Da na ɗago na ga Yaya a cikin ruwa har ƙugu. Ya ɗauko bahon wanki yana cikawa, ya ɗaga sama da kansa, ya sheƙo.

"Fito, Yaya!"

"Yi aikinka."

Mai kaji ya ji ƙarar inji ya leƙo ta kan bango, ya ga abin da ake ciki, ya zagayo da bokiti biyu bai ko cire takalmi ba.

"Ga mai kyauta nan," in ji Yaya. "Ka zo ganin aikin kashinka?"

"Na zo ɗibar ruwa, maƙwabci. Zagin ka ajiye mini, zan karɓa daga baya."

Suka yi ta ɗiba suna sheƙawa. Mutum biyu da bokiti a tafki guda, kamar mai fifita gona da mafici. Inda suka sheƙa kifin su taru, su matsa kifin su bi su. Manyan ne suka fara juyawa. Babba ya fi bukatar iska. Sai ka ga ƙato ya karkata, ya miƙe, ya sake karkata, sannan farin ciki ya dubi sama. Iyayen da Yaya ya yi shekaru yana zaɓa su ne a gaba.

Ina jin ƙirjinsa daga inda nake, duk da ƙarar inji. Yana busa kamar usur. Yakan ɗaga bahon rabi, ya tsaya, ya dafa gwiwa, kafaɗunsa na hawa da sauka.

"Ba za mu ceci tafkin ba," na ce masa. "Zaɓi waɗanda za ka zaɓa."

Ya dube ni kamar zai mare ni. Sannan ya ce a kawo koma.

Akwai rabin duro a gindin bishiya. Muka cika shi da ruwan rijiya. Yaya ya bi gefe yana tsamo iyaye, yana duba kowace a hannu kafin ya miƙo. Ba sa ko motsin kirki, kifin da in ka kama shi da lafiyarsa sai ya yanke ka da ƙaya. Ya nufi matakala don Sajan, ya tarar ya juya. Ya ɗaga shi ya riƙe, ya buɗe murfin kunnen da babban yatsa, ya mayar da shi ruwa. Ya tsamo wasu samarin maza biyu maimakonsa.

Duron ya cika da kifi fiye da ƙima. Ba a daɗe ba su ma suka taso, baki a sama.

Yaya ya shiga ɗaki yana dafa bango. Na ɗauka magani zai sha. Sai ga shi da ɗan injin nan na shaƙa a hammata, yana jan janareta da ɗaya hannun. Ya zauna a ƙasa, ya cire marfin fuskar ya ajiye, ya bar tiyon tsirara.

"Ba ni noti babba."

"Yaya, wannan naka ne."

"Na tambaye ka na wa ne? Ba ni noti."

Na ba shi. Ya ɗaure a bakin tiyon don ya nutse, ya jefa a duro, ya ce in tayar da janareta. Kumfa ta fara tasowa daga ƙasa, siririya, ba ta yankewa. Kifin suka kewaye ta. A hankali wasu suka sauka daga sama. Dabarar ta yi. Ya jingina da duron yana kallo, bakinsa a buɗe, yana jan iska da wuya da kafaɗa.

Na koma bayan ɗaki na kira 'yarsa. Ban yi dogon bayani ba. Na ce ta zo yanzu.

Ya ji ni. Da na dawo ya ɗago ido. "Munafuki," ya ce, a rarrabe, kamar kowane harafi sai ya saya.

Daga birni zuwa gidan tafiya ce. Duk tsawon lokacin nan ina tsakanin inji da shi. In na ce ya karɓi tiyon ko na ɗan lokaci ya girgiza kai. Na kai hannu sau ɗaya, ya ɗora ƙafarsa a kan tiyon. Ƙarfi na fi shi, ba shakka. Amma ban taɓa sa masa ƙarfi ba tun ina yaro, hannuna bai san hanyar ba. Mai kaji na cikin ruwa shi kaɗai yana sheƙawa, alhali rabin abin da yake sheƙa wa ya mutu.

Rana ta yi tsaka, ko da yake ba a ganinta, sai ga motar 'yarsa. Ta shigo da kayan aikinta a jiki. Ta dubi tafkin sau ɗaya, fari fat da cikin kifi. Ta dubi ubanta. Leɓɓansa sun yi toka. Ta bi tiyon da ido daga injin har cikin duro.

Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta kama tiyon. Ya riƙe mata wuyan hannu.

"Su... kaɗai... suka rage."

"Kai ma kai kaɗai ka rage mini. Injin ɗaya ne, Baba. Sake ni."

"Kaɗan... ki bari..."

"Baffa," ta ce, ba ta juyo ba, "hannunka lafiya?"

"Lafiya."

"To ɗauki bokiti ka zama injin kifi. Ɗebi ka zuba daga sama, kada ka tsaya. Ka ji, Baba? Ga ƙaninka nan zai hura musu. Sake ni."

Na ɗauki bokiti. Ya ga na fara, ya ga ruwan na kumfa, sannan yatsunsa suka saki. Ta zare tiyon ta jefar, ta ciro sabo daga akwatin, ta fasa magani, ta kifa masa marfin. Ta riƙe bayan kansa da tafin hannu. Ina ɗiba ina zubawa, ina jin injin na gurnani, ina jin usur ɗin ƙirjinsa. Ya ɗauki lokaci kafin kafaɗun su ɗan sauka.

"Wannan ba zai isa ba," ta ce. "Asibiti za mu. Daga can kuma gida. Gidana."

Na jira. Na san abin da zai biyo baya: ke wa, gidan wa, ina da raina. Har na shirya abin da zan ce in raba su.

Ya janye marfin kaɗan. "To," ya ce.

Shi ke nan. To. Duk abin da na gani a ranar, mataccen kifi, ƙwai a ƙasan ruwa, leɓɓan nan masu toka, ba wanda ya tsorata ni kamar wannan kalma. Ita ma ta ji. Ta dube ni, idonta ya cika, ta kawar da kai.

Ni da mai kaji muka ɗauke shi zuwa mota. Bai da nauyi. Bai dubi tafkin ba. Da za a rufe ƙofa ya nuna duron da haɓa, na ce na gani.

Da suka tafi na mayar da tsohon tiyon cikin duro, don a gaggauce ta bar injin, a asibiti akwai wanda ya fi shi. Wajen la'asar iska ta taso, hadarin ya fashe, aka yi ruwa mai yawa. Mai kaji ya tsaya a cikinsa ya ɗaga kai ya ce, "Sai yanzu?" Muka kwashe matattun da baro muka haƙa rami a bayan ɗakin kajinsa. Sajan na ciki. Ban ware shi ba, kifi ne.

Yaya ya daɗe a asibiti. Da aka sallame shi aka wuce da shi ɗakin bene. Yanzu akwai wani siririn tiyo da ke zaune a hancinsa dare da rana. Na zuƙe ruwan tafkin, ƙasan ya bushe ya tsattsage, har yanzu ana ganin faranten da mazan suka haƙa. Ba mai komawa can. 'Yarsa ta faɗa, likita ya faɗa, ni ma na ga matakalar benen na ga ƙirjinsa, ban bukaci a faɗa mini ba.

Waɗanda suka tsira na kai su bayan shagona. Na yanka tsohon tankin ruwa, na haɗa musu abin hura iska da injin tsohon firji. Ni da ba na son kifi, ga ni ina tashi in duba ko sun ci.

Nakan je gaishe shi. Yana zaune a kujera kusa da taga, riga wankakkiya, an yanke masa farce. "Sannu da zuwa, Auta," yake cewa. "Ka sha hanya. Na gode." A kawo abinci ya ce ya yi daɗi. A ce ya kwanta ya kwanta. Mijin 'yar ya ce mini, "Ai Baba ba shi da matsala ko kaɗan, mutum mai sauƙin kai." 'Yar ta bi ni har matakala.

"Baffa, ko tsawa ɗaya bai yi mini ba tun da ya zo. Jiya da gangan na ba shi shayi ba sukari. Ya shanye."

Ni ban iya lallashi ba. Ban san me ake ce wa mutum ba. Zuwa na gaba na ɗauko samarin mazan nan biyu a bokiti, na ɗaura baho a bayan babur, na hau benen ina hutawa a kowane hawa.

"Baffa, mene ne wannan? A barandata?"

"Matsa."

Na ajiye bahon inda zai gani daga kujerarsa, na cika, na juye su. Na zauna a ƙasa. Kifin suka lafe a gefe guda, jikinsu a koɗe saboda wahalar hanya. Yaya na kallonsu kamar yadda yake kallon motoci. Na fara tunanin na yi wahalar banza.

Can ɗaya ya zagaya. Ya sake zagayawa. Wuyansa ya fara ɗaukar ja. Ya miƙe ƙayar bayansa, ya nufi ɗan'uwansa ya ture shi. Wancan ya juyo. Suka haɗa baki, ruwa ya fantsamo a kan tayil.

Na ji kujera ta motsa.

"Wane wawan ne," in ji Yaya, ya tsaya ya ja iska, "ya haɗa maza biyu... a baho ɗaya? Ba mace, ba yashi. A kan roba zai yi ramin?"

"Abin da na samu ke nan."

"Abin da ka samu. Tun kana yaro... ba ka taɓa yin abu ya cika ba." Tari ya kama shi. 'Yar ta matso, ya ture hannunta. "Ke kuma shayin nan naki... ruwan wanki ne. Kin ɗauka ban sani ba?"

Ta juya ta shige ciki da sauri, hannunta a baki.

Faɗan bai yi tsawo ba, numfashin bai kai ba. Ya koma ya jingina, idonsa a rufe, ƙirjin na busa. Na tashi zan tafi.

"Auta."

"Na'am."

"Yashin rafi. Ba na gini ba. Ka wanke shi."

Na samo. Na wanke shi sau uku, don na san zai sa hannu ya duba. Yana nan a buhu a bakin ƙofar shago, gobe in na rufe zan hau da shi.